Yaushe Ruwa Ke Fita Daga Aldol?

Semesta ta yi nisa, kuma duk wanda ya ratsa ta ajujuwan Tudun Wada bayan isha'i ya san an shiga lokacin karatun dare. Wannan rubutu na mutanen SLT ne da na Kemikal Injiniyarin, da duk wanda kwas ɗin Oganik ya tare masa hanya. Maganar a kan tambaya ɗaya ce tak, wadda ake rasa maki a kanta ko da an yi karatu. An ba ka aldihaid ko kiton, an zuba masa NaOH, an ce ka zana abin da zai fito. Shin za ka tsaya a aldol mai OH ɗinsa, ko za ka cire ruwa ka sa igiya biyu tsakanin kabon da kabon?

Amsoshin nan biyu duk suna cikin handawut, kuma kowacce daidai ce a muhallinta. Sai dai a tambaya guda, ɗaya kawai ake ba maki. Ga wanda ke ajin ƙarshe kuwa, 'yan makin nan na iya zama abin da ya raba shi da kari-oba, abokai su tattara su tafi, shi ya dawo saboda kwas ɗaya.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. To a aldol ma ruwa ba ya fita banza. Abu uku ne ke yanke hukunci: ko akwai sauran haidirojin a kabon alfa, da abin da aka rubuta a kan kibiya, da kuma irin ribar da ƙwayar sinadarin za ta samu idan ruwan ya fita. In ka iya yi wa kowace tambaya waɗannan tambayoyi uku, haddar ta ragu sosai. Sunayen sinadarai na rubuta su yadda muke furta su, tare da fomula don kada a rikice. A takardar jarrabawa ka rubuta su da haruffan da ke cikin littafinka.

Matakai biyu ne, kowanne da sunansa

Ɗauki etanal, CH₃CHO. Kabon da ke riƙe da oksijin da igiya biyu shi ne kabonil. Maƙwabcinsa na kusa shi ne alfa, na bayansa kuma bita. Haidirojin da ke kan alfa yana da saurin cirewa saboda maƙwabtaka da kabonil. A aldihaid pKa ɗinsa wajen 17 ne, a kiton wajen 19 zuwa 20, alhali na alken zalla yana kai wa 50. Shi ya sa bes irin NaOH ke iya fizge shi, a samu inolet.

Inolet ɗin nan sai ya kai hari kan kabonil na ƙwaya ta biyu. Sabuwar igiya ta ƙullu tsakanin kabon alfa na ta farko da kabon kabonil na ta biyu, oksijin ɗin ta biyu ya karɓi haidirojin daga ruwa ya zama OH. Abin da aka samu shi ne CH₃CH(OH)CH₂CHO. Duba shi da kyau: gefe ɗaya aldihaid, gefe ɗaya alkohol. Daga nan sunan ya samo asali, an ɗauki farkon kalma ɗaya da ƙarshen ɗaya aka haɗa. Bafaranshe Charles-Adolphe Wurtz ne ya bayyana wannan a 1872, kuma a daidai wancan zamani Alexander Borodin na Rasha shi ma ya gano shi a nasa binciken, duk da cewa duniya ta fi saninsa da tsara kiɗa. Wannan mataki na farko haɗewa ce kawai, ba abin da ya fita. Nauyin etanal 44, biyu sun haɗu, an samu 88.

Mataki na biyu shi ne fitar ruwa. OH ya bar kabon bita, H ya bar kabon alfa, igiya biyu ta shiga tsakaninsu: CH₃CH=CHCHO, wato kurotonaldihaid. Nauyi ya sauko daga 88 zuwa 70, domin ruwa 18 ne. Idan aka kai nan, shi ne ainihin kondenseshan.

Sai a yi hattara da wani abu. Tsofaffin littattafai da dama suna kiran mataki na farko ma kondenseshan, ko da ruwa bai fita ba. Don haka ganin kalmar a kan tambaya kaɗai ba ta isa hujja ba, sai ka duba sauran bayanan da ke tare da ita.

Me ya sa OH ke yarda ya fita cikin bes?

An koya mana cewa OH⁻ ba ya son barin kabon. Ka dafa etanol da NaOH daga safe har yamma, ba za ka samu etin ba. To me ya bambanta aldol?

Bambancin shi ne kabonil ɗin nan da ke nan bai je ko'ina ba. Tunda yana nan, haidirojin ɗin alfa na aldol ɗin shi ma yana da saurin cirewa. Bes ya sake fizge shi, aka sake samun inolet, wannan karon da OH zaune a kabon da ke maƙwabtaka. Ilektiron ɗin inolet sai su turo, su ingiza OH⁻ waje. Wato H ne ke fara tafiya, sannan OH ya biyo baya. Wannan shi ne mekanizim ɗin E1cB. In aka ce ka zana shi, kada ka sa su fita lokaci guda kamar E2, kada kuma ka zana kabokatayon cikin bes.

A cikin asid labarin ya ɗan sauya. Asid yana ɗora H⁺ a kan OH ya mayar da shi ruwa, shi kuwa ruwa ba ya gardamar fita. Ta hanyar inol ake bi a nan maimakon inolet, amma inda ake sauka ɗaya ne.

In ka fahimci wannan, tambaya ta farko ta fito da kanta.

Tambaya ta farko: akwai sauran haidirojin a kabon alfa?

Kafin ka kalli zafi ko sanyi, zana aldol ɗin tukuna, ka ƙirga haidirojin da ya rage a kabon da ke tsakanin kabonil da mai OH. In babu ko ɗaya, magana ta ƙare. Bes ba shi da abin da zai cira, inolet ba zai samu ba, ruwa ba zai fita ta wannan hanya ba komai wutar da aka sa.

Ga misalin da ya fi fito da abin fili. Butanal, CH₃CH₂CH₂CHO, da aisobutanal, (CH₃)₂CHCHO, fomularsu ɗaya, C₄H₈O, nauyinsu 72. Butanal yana da haidirojin biyu a alfa. Ɗaya ya tafi wajen ƙulla aldol, ɗaya ya rage na fitar ruwa, don haka in an dafa ana samun CH₃CH₂CH₂CH=C(CH₂CH₃)CHO mai nauyi 126. Aisobutanal kuwa haidirojin ɗaya gare shi a alfa. Ya kashe shi wajen haɗewa, an samu (CH₃)₂CHCH(OH)C(CH₃)₂CHO mai nauyi 144, kabon alfa ya cika da igiyoyi huɗu duk na kabon. Nan ya tsaya. Duk wanda ya matsa sai ya sa igiya biyu a wurin, zai ba kabon igiya biyar, kuma ba malamin da zai yafe wannan.

Ƙa'idar a taƙaice: haidirojin alfa ɗaya ya isa haɗewa, amma fitar ruwa sai da biyu a kan kabon guda. In kuma babu ko ɗaya tun farko, kamar benzaldihaid ko fomaldihaid su kaɗai, to ba aldol ma sam. Cikin NaOH mai ƙarfi waɗannan hanyar Cannizzaro suke bi, rabi ya zama alkohol, rabi ya zama gishirin asid. Wannan tarko ne da ake yawan sakawa a tsakiyar tambayoyin aldol.

Tambaya ta biyu: me aka rubuta a kan kibiya?

In akwai haidirojin, ƙofa a buɗe take. Sai a duba ko yanayin zai tura ƙwayar ta wuce.

Bes mai ruwa-ruwa da sanyi: idan ka ga NaOH mai ruwa-ruwa tare da digiri 5, ko an ce a cikin ƙanƙara, ko an ce da sanyi, kuma aldihaid ɗin ƙarami ne marar zobe, tsaya a aldol. Ka bar OH ɗinka.

Zafi: idan ka ga alamar Δ, ko an ce a ɗumama, ko a tafasa ƙarƙashin kwandensa, cire ruwa. Akwai dalili biyu. Na farko, ingiza OH⁻ waje shi ne mataki mai wuya, yana buƙatar ƙarfi, zafi ne ke ba da shi. Na biyu, ƙirga ƙwayoyi. A haɗewa biyu ne suka koma ɗaya, a fitar ruwa ɗaya ce ta koma biyu. Zafi kullum yana goyon bayan ɓangaren da ƙwayoyi suka fi yawa da warwatsuwa, abin da muka sani da entirofi. Saboda haka in ka ɗumama aldol, zama a tsakiya ba ya yi masa daɗi. Ko dai ya koma baya ya rabu gida biyu, ko ya wuce gaba ya zubar da ruwa. Tunda fitar ruwan ba ta cika komawa baya da sauƙi ba, a hankali duk kayan can suke tarewa.

Asid: idan da asid aka yi aikin tun farko, ko an ce bayan an gama a zuba H₃O⁺ a ɗumama, zana mai igiya biyu. A cikin asid da wuya a iya tsayar da aldol a tsakiya. Amma ka lura, zuba asid kaɗan da sanyi a ƙarshen aiki don a kashe bes kawai ba umarnin cire ruwa ba ne.

LDA da digiri 78 ƙasa da sifili: wannan na masu HND ne musamman. In aka ce mataki na ɗaya LDA cikin THF a wannan sanyi, na biyu a zuba aldihaid, na uku a zuba ruwa, to amsar aldol ce da OH ɗinta, ko da benzaldihaid aka zuba. A wannan yanayi oksijin ɗin yana manne da litiyam har sai an zuba ruwa a ƙarshe, sannan ga sanyin da ba zai bar mataki na biyu ya motsa ba. Lambar 78 ɗin kuma ba a ka aka ƙirƙire ta ba, ita ce sanyin da busasshiyar ƙanƙara ke bayarwa idan aka zuba ta cikin asiton.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu mutanen Kaduna. Littattafan nan in sun ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 suke nufi. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin rana kan haura digiri 35. Firatikal ɗin da ya tafi lafiya lau cikin hunturun Janairu, in aka maimaita shi da bazara ba tare da ƙanƙara ba, yana iya zarcewa. A takarda dai ka bi ma'anar littafi. A lab kuma ka nemi kwanon ƙanƙara kafin ka fara ɗiga bes.

Tambaya ta uku: wace riba za a samu in ruwan ya fita?

Nan ne mutane suka fi faɗawa, domin sun haddace cewa ba zafi ba fitar ruwa, sai a kawo musu inda ruwa ke fita ba tare da an kunna wuta ba.

Ribar fitar ruwa ita ce konjugeshan, wato jerin igiya biyu, ɗaya, biyu, inda ilektiron ke samun filin yawo. A kurotonaldihaid jerin gajere ne, C=C da C=O kawai. Ribar tana nan amma ba ta da yawa, shi ya sa sai an taimaka da zafi. Idan kuwa kabon bita yana ɗauke da zoben benzin, sabuwar igiya biyun za ta haɗa zoben da kabonil su zama dogon layi ɗaya. Wannan riba ce babba, ƙwayar ba ta jiran a roƙe ta.

Saboda haka duk inda ka ga aldihaid mai zobe, irin benzaldihaid, ya haɗu da aldihaid ko kiton mai haidirojin alfa cikin NaOH da etanol, zana wanda ruwa ya fita, ko an rubuta zafi ko ba a rubuta ba. Wannan shi ake kira Claisen-Schmidt, da sunan Ludwig Claisen da J. G. Schmidt da suka wallafa aikinsu a kansa a 1880 da 1881. Misalai uku sun isa.

Benzaldihaid da etanal suna ba da sinamaldihaid, C₆H₅CH=CHCHO. Lissafi: 106 da 44, a cire 18, saura 132. Wannan sinadarin shi ne ƙamshin kirfa da ake sa wa shayi. Duk sanda mai shayi ya miƙo maka kofi yana tashin kirfa, to ƙwayar da ke da siffar aldol wanda ya zubar da ruwa ce ke shiga hancinka.

Benzaldihaid da asitofinon suna ba da kalkon, C₆H₅CH=CHCOC₆H₅, nauyi 208.

Benzaldihaid biyu da asiton ɗaya suna ba da daibenzalasiton, C₆H₅CH=CHCOCH=CHC₆H₅. Asiton yana da alfa hagu da dama, kowane gefe ya kama benzaldihaid ɗaya, ruwa biyu suka fita. Lissafi: 106 sau biyu, a ƙara 58, a cire 36, saura 234. A lab yana fitowa ne rawaya yana kwanciya a ƙasan kwalba cikin 'yan mintuna, kuma yana narkewa wajen digiri 110. Launin rawayar nan shi ne shaidar dogon konjugeshan. Kwanciyar da yake yi kuma tana ƙara jan aikin gaba, tunda abin da ya fita daga ruwan ba ya cikin masu komawa baya. Ka kula da adadin da aka bayar a tambaya: in an ce ɗaya da ɗaya ko asiton ya fi yawa, gefe ɗaya kawai za ka cika.

Wani wurin da riba ke da yawa shi ne inda ƙwaya ɗaya mai kabonil biyu ta naɗe kanta ta yi zobe. CH₃COCH₂CH₂COCH₃ cikin NaOH da ɗumi yana ba da zobe mai kabon biyar, da igiya biyu kusa da kabonil, da CH₃ a kabon bita. In aka ƙara CH₂ ɗaya a tsakiya, zoben ya zama mai kabon shida. A irin waɗannan tambayoyi ka zaɓi alfan da zai ba da zobe mai biyar ko shida, ka guji mai uku ko huɗu, kuma amsar da ake nema kusan kullum ita ce wadda ruwa ya fita. Haka ma matakin ƙarshe na haɗa zobe irin na Robinson, wanda Robert Robinson na Ingila ya wallafa a 1935.

Kiton yana da nasa hali

Aldihaid ƙanana in sun haɗu suna son zama a haɗe. Kiton kuwa ba haka ba. Kabonil ɗinsa yana da kabon biyu a gefe, sun tare hanya, sun kuma rage masa yunwar ilektiron. In ka zuba bes cikin asiton ka ajiye, ɗan kaɗan ne zai koma dayasiton alkohol, (CH₃)₂C(OH)CH₂COCH₃, sauran yana nan asiton.

Masu son dayasiton alkohol dabara suke yi. Suna zuba Ba(OH)₂ a cikin na'urar Soxhlet, asiton ya tafasa ya hau ya ratsa ta cikin bes ɗin ya gangaro. Ɗan abin da ya haɗu yana taruwa a kwalbar ƙasa inda babu bes, kuma ba ya sake hawa, domin sai ya haura digiri 160 yake tafasa, shi kuwa asiton a 56. Don haka in ka ga asiton da Ba(OH)₂ a tambaya, amsar dayasiton alkohol ce mai nauyi 116.

In aka ɗumama wannan da ɗan asid ko ɗan ayodin, ruwa ya fita, a samu mesitil oksaid, (CH₃)₂C=CHCOCH₃, nauyi 98. Asiton da busasshen HCl yana wucewa kai tsaye zuwa mesitil oksaid, har ma ya ƙara kama asiton na uku ya ba da foron. Darasin shi ne, a wajen kiton fitar ruwa ce ke jan aikin gaba. Ba don ita ba, da yawancinsu ba za su ba da abin kirki ba.

Idan tambaya ba ta faɗi yanayi ba

Wani lokaci sai a rubuta OH⁻ kawai a kan kibiya a yi shiru. To kada ka yi caca. Fara duba ko an ba da wata alama a wani wuri. In an ba da fomula ko nauyin abin da ya fito, lissafi ya raba gardama: jimillar nauyi cif aldol ne, in an rasa 18 ruwa ya fita. In an ba da bayanin IR, faffaɗan tudu wajen 3400 yana nufin OH na nan. In ya ɓace, kuma layin kabonil ya sauko daga wajen 1720 zuwa ƙasa da 1700, konjugeshan ya samu. In an ce abin da ya fito yana kashe launin ruwan buromin, kuma yana da nauyin da ya ragu, to akwai C=C.

In duk babu waɗannan, zana matakan biyu a jere. Rubuta aldol, ka ja kibiya ta biyu, ka rubuta zafi da fitar H₂O a kanta, ka zana na ƙarshe. Sannan ka ƙara jimla ɗaya da ke cewa da sanyi a nan ake tsayawa, da zafi a nan ake ƙarewa. Mai duba takarda zai ga ka san abin da kake yi.

Kurakuran da ke cin maki

Na ɗaya, ɗaukar H na CHO a matsayin haidirojin alfa. Shi a kan kabonil yake zaune, bes ba ya taɓa shi a wannan aiki.

Na biyu, cire H daga ɗaya gefen OH, wato kabon gama, maimakon alfa. Igiya biyun sai ta faɗa nesa da kabonil, konjugeshan ɗin da aka yi wahalar dominsa ya tafi a banza.

Na uku, miƙar da sarƙa inda ya kamata a samu reshe. CH₃CH₂CHO ba ta wutsiya yake kai hari ba, ta kabon alfa yake yi, don haka CH₃ ɗinsa yana zama reshe. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa wa kabon ɗin lamba kafin ka haɗa su.

Na huɗu, mantawa da siffa. Inda zai yiwu a samu E da Z, zana E, manyan ɓangarori suna kallon gefe daban-daban.

Na biyar na lab ne. Etanal da NaOH mai ƙarfi da zafi ba ya tsayawa a kurotonaldihaid. Yana ta haɗewa yana zubar da ruwa har ya zama wani danƙo mai launin rawaya zuwa ruwan ƙasa. In ka ga wannan a kwalbarka, bes ɗin ya yi yawa ko wutar ta yi yawa.

Amfaninsa bayan an fita daga makaranta

Wannan ba abin jarrabawa kaɗai ba ne. Butanal ɗin da muka yi misali da shi, masana'antu suna dafa shi da bes da gangan don ruwa ya fita, sannan su ƙara masa haidirojin ya zama alkohol mai kabon takwas, wanda da shi ake haɗa sinadarin da ke tausasa robar PVC. Tiyon ban ruwa da rigar wayar lantarki da ake sayarwa a Panteka, da yawansu ta wannan hanya suka samu laushinsu. Mesitil oksaid kuma in aka ƙara masa haidirojin yana zama MIBK, wanda ake narkar da fenti da shi.

A ɗaya ɓangaren, akwai inda ake so OH ya zauna. Aisobutanal da fomaldihaid suna ba da aldol da ba shi da haidirojin alfa, ruwa ba ya fita, kuma daga shi ake yin wani gilaikol da ke shiga fenti da roba. A jikinmu ma, inzayim ɗin aldoles yana haɗa ƙwayoyi biyu masu kabon uku su zama sukari mai kabon shida lokacin da hanta ke ƙera gulukos, ba tare da fitar da ruwa ba. Ma'aikacin lab da ya san yadda ake tsayar da aikin da yadda ake tura shi gaba, shi ke iya ba da abin da aka aike shi.

Gwada kanka

Rufe amsoshin da hannu kafin ka fara.

1. CH₃CH₂CHO, NaOH mai ruwa-ruwa, digiri 5.
2. CH₃CH₂CHO, NaOH, Δ.
3. (CH₃)₂CHCHO, NaOH. Ruwa zai fita daga aldol ɗinsa?
4. Benzaldihaid da asiton mai yawa, NaOH, zafin ɗaki.
5. Benzaldihaid shi kaɗai, NaOH mai ƙarfi.
6. Asitofinon da LDA a digiri 78 ƙasa da sifili, sannan benzaldihaid, sannan ruwa.

Amsa ta 1: CH₃CH₂CH(OH)CH(CH₃)CHO, nauyi 116. Ta 2: CH₃CH₂CH=C(CH₃)CHO, nauyi 98. Ta 3: a'a, babu sauran haidirojin a alfa. Ta 4: C₆H₅CH=CHCOCH₃, nauyi 146, ruwa ya fita saboda zoben. Ta 5: ba aldol, Cannizzaro ne, benzil alkohol da sodiyam benzowet. Ta 6: C₆H₅CH(OH)CH₂COC₆H₅, OH yana nan, nauyi 226.

Wanda ya ci shida, ya nemi tsofaffin takardun tambaya ya ci gaba. Wanda ya faɗi a ta 3 ya koma tambaya ta farko, wanda ya faɗi a ta 4 ya koma ta uku, wanda ya faɗi a ta 6 ya sake karanta abin da ke kan kibiya. Ku zauna ku biyu ko uku, wannan ya ƙirƙiro tambaya, wancan ya zana, na uku ya duba ko kowane kabon igiya huɗu gare shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mekanizim a hannu yake zama, sai an zana shi sau da yawa da biro da takarda.

Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya, ya sa mu fita lafiya ba tare da mun bar ko kwas ɗaya a baya ba.